Tirelar keke ta ɗaukar kare: a sayo ta waje ko a ƙera a nan Maraɗi?

Tambayar ta zo daga wani ƙanenmu mazaunin unguwar Zariya. Yana da garka a wajen Jiratawa, tafiyar wajen kilomita 10, kuma da keke yake zuwa. Yana da kare na gida mai dogayen ƙafafu, kilo 22, da rana yana tare da shi a garka, da dare yana gadin gida. Da can karen bin keken yake a guje, yanzu ya fara manyanta, in sun isa sai ya zube yana haki, wani lokaci har da ɗingishi. Ya ga hotunan ƴan tirelolin da Turawa ke ɗaura wa keke su sa kare a ciki, yana son ya san wace iri zai zaɓa, kuma ya yi oda daga waje ne ko ya sa a ƙera masa.

To, ƙanena, sana'ata walda ce da gyaran keke, amalanke da keken guragu duk suna bi ta hannuna, don haka da idon mai ƙira zan ba ka amsa. Ka sa a ƙera maka a nan. Amma sai ka tsaya a kan mai waldar, in ba haka ba amalanken jaki zai haɗa maka ya ce tirela ce.

Na waje ba banza ba ne. Kamfanin Burley na Amurka yana da wata da ake kira Tail Wagon, tana ɗaukar kilo 34, tayoyinta inci 16. Croozer na Jamus yana da masu ɗaukar kilo 35 da kilo 45. Akwai kuma Trixie da DoggyRide. Aikinsu mai kyau ne, ba su da nauyi, suna naɗewa a jingine a ɗaki. Sai dai an yi su ne don ƙasar da abin tsoro shi ne ruwan sama da sanyi, shi ya sa za ka gansu a lulluɓe da yadin nailan da tagogin leda. Mu nan abin tsoronmu rana ce. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma akwatin leda a irin wannan rana tanda ce kawai aka sa wa taya. Yadin ma ba ya jure ranarmu, yana ƙonewa ya fara yagewa da kansa, zik ɗin kuma ƙurar hunturu ta cike shi ya daina ja. In wata ƴar robar mahaɗa, wato inda tirela ke kama keke, ta karye, ba wanda zai fito maka da irinta a babbar kasuwa, sai ka sake oda ka zauna jira. Ga kuɗin jirgi da na kwastan a kan kaya mai girman jiki. In dai ka ci karo da ta hannu cikin kayan gwanjo da araha, firam ɗinta lafiya, ka saya, ka cire yadin ka sa a yi mata rufi irin namu. In ba haka ba, ka bar ta.

Na fara da zafi ne don shi ne ke kashe kare. Kare ba ya gumi a jiki yadda muke yi, ɗan abin da yake fitarwa ta tafin ƙafa ne kawai, sauran duk da haki yake huce jikinsa. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39, in ya kai 41 an shiga haɗari. Hakin nan kuwa ba ya aiki sai iska tana ratsa wurin. Saboda haka tirelar da ta dace da Maraɗi inuwa ce a sama, raga a gefe huɗu, shi ke nan. Rufin sama ka sa tabarmar kaba ko farin tamfol, kada ka yarda da kwano ko baƙar leda. In an shiga bazara ka jiƙa buhun algarara ka shimfiɗa a kan rufin, iskarmu busasshiya ce, yadda ruwan ke bushewa haka cikin ke yin sanyi. Daɓen ƙasa kuma ya zama katako ne mai kaurin wajen santimita 1, a ɗora masa shimfiɗar roba mai kaushi wadda ake cirewa a wanke. Mai walda zai so ya sa maka langa-langa don ita ce a hannunsa, ka ƙi. Tana ɗaukar zafi, tana da santsi, tana ƙara a hanyar burji, kare kuwa in ƙasa na rawa a ƙarƙashinsa yana zamewa, ba zai taɓa kwanciya ba. Wanda ke tsaye shi ke juyi, mai juyi shi ke kifar da tirela.

Ragar gaba ta fi sauran ƙananan idanu, domin tayar bayan kekenka tana watso yashi da tsakuwa daidai fuskarsa. In kekenka ba shi da madigadin baya, ka sa.

Sai awo. Kada ka tafi da kilo kaɗai. Karnukanmu na Sahel sirara ne masu tsawon ƙafa, dubi irin na Azawak, namiji ba ya wuce kilo 20 zuwa 25 amma tsayinsa a kafaɗa yana iya haura santimita 70. Tirelar da aka rubuta mata kilo 34 tana iya ɗaukar nauyin irin wannan, ta kasa ɗaukar tsawonsa. Ka bari karenka ya kwanta a kan cikinsa ya miƙe ƙafafun gaba, ka auna daga yatsun gaba zuwa gindin wutsiya, wannan shi ne tsawon daɓe, ka ƙara tafin hannu ɗaya. Ka sa shi ya zauna, ka auna daga ƙasa zuwa saman kai, wannan shi ne tsayin rufi. Ga kare kamar naka lissafin yakan faɗo a tsawon santimita 85 zuwa 90, faɗi 55 zuwa 60, tsayi wajen 70. Kada kuma ka ce bari a yi masa fili ya sake. In wuri ya yi yawa zai riƙa zarya gaba da baya, duk motsinsa kuma a hannunka za ka ji shi.

Daɓen ya sauka ƙasa da tsakiyar taya, yana nesa da ƙasa kamar santimita 12 zuwa 15. In ya fi haka tsayi tirela tana saurin kifewa a kwana, in ya gaza haka cikinta zai riƙa sharar tudun yashin da ke tsakiyar hanyar amalanke. Tsoho ma ya fi samun sauƙin shiga in daɓe na ƙasa, ba sai ka ɗaga shi ba. Ƙofa ta kasance a baya. Tazarar tayoyin biyu daga waje zuwa waje kada ta wuce santimita 80, don ta shiga ƙofar zaure, ta kuma bi tsakanin kabu-kabu da adaidaita ba tare da ta ɗauko wani ba.

Tayoyi biyu, ba ɗaya ba. Akwai tirela mai taya ɗaya da matafiya ke jan kaya da ita, tana kwanciya tare da keke a kwana, ta kaya ce da aka ɗaure tamau, ba ta abu mai rai ba. Girman taya kuma inci 20 nake ba ka shawara. Mai inci 16 tana nutsewa a rairayi, tana kuma faɗawa kowane rami. Mai inci 26 ko 28 tana ɗaga tirelar sama, sifokinta dogaye ne, ba sa jure turin gefe. Inci 20 ita ce ta kekunan yara manya-manya, taya da tub da sifoki duk akwai su wajen masu kayan keke. Abu ɗaya za ka kula: inci 20 iri biyu ce, akwai mai lamba 406 da mai lamba 451 a jikin tayar, ba sa shiga rim ɗin juna. Ka ɗauki 406, ita ce gama-gari, ka nemi mai faɗi wadda aka rubuta wa 20 x 2.125. Kada ka cika mata iska ta yi tauri. Tirelarka ba ta da sifirin, tayar nan mai ɗan laushi ita ce za ta shanye gargada kafin ta kai ga ƙugun tsoho. Ƙayar aduwa da tsidau kuwa sai dai a rage, ka yanka tsohon tub ka shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tub, ka kuma riƙa yawo da kayan faci da famfo.

Ga wani wuri da ake yawan ɓata aiki. Tayar gaban keke an yi ta ne a riƙe ta gefe biyu. Mai walda mai gaggawa zai kama ƙarfen tsakiyarta ta gefe ɗaya kawai ya liƙa a jikin firam, ya yi kyau a ido, bayan ɗan lokaci siririn ƙarfen ya lanƙwashe, tayoyin su buɗe ƙasa su haɗe sama. Ka ce masa firam ya zagaye kowace taya ciki da waje, ta zauna a tsakani, a ɗaure ta da noti ta ɓangare biyu yadda take a keke. Ƙarfen da ya zagayo ta waje yana da wani amfanin, shi ke fara gogar kututture ko bango kafin taya. In ana son riƙon gefe ɗaya dole, to sai a nemi tayar kujerar guragu mai kaurin ƙarfe milimita 12. Tsakanin kare da taya kuma a sa katako ko raga mai ƙananan idanu har sama da tsayin tayar. Wutsiya a cikin sifoki ba abin da kake son gani ba ne.

Firam ɗin kansa a yi shi da siririn fayif mai kusurwa huɗu, milimita 20, mara kauri. Kada a taɓa rodin gini ko ƙarfen kwana mai nauyi. Tirela ba kowa a ciki ta tsaya a kilo 12 zuwa 15. Da karenka kun kai 34 zuwa 37 ke nan, kuma ni ba na son jimillar ta haura kilo 40 a bayan keke, tunda tirelar ba ta da birkin kanta.

Yanzu mahaɗa, inda tirela ke kama keke. In kuɗinka na abu ɗaya ne, nan za ka kashe shi.

Wurin kamawa biyu ne, ko a ƙarƙashin sirdi ko a tsakiyar tayar baya. Masu ɗaurawa a sirdi ko a kariya suna yi ne don ya fi sauƙi, amma wurin yana sama, in ka taka birki nauyin tirela zai turo ka ta sama ya rage wa tayar baya kama ƙasa, in kare ya motsa kuma kai ne za ka yi tangaɗi. Ka sa a tsakiyar tayar baya, ɓangaren hagu, tunda kaca tana dama. In kekenka irin Phoenix ne ko Raleigh mai noti, aikin ya zo da sauƙi. A yanko ɗan falalen ƙarfe mai kaurin milimita 4 ko 5, tsawon yatsa, a huda shi biyu. Huda ɗaya ta shiga ƙarfen tsakiyar taya, notin ya danne ta. A lanƙwasa masa ɗan kunne da zai jingina da firam don kada ya juya in an ja. Huda ta biyu ita ce ta karɓar hannun tirela, wato ƙarfen da ya miƙo daga tirela zuwa keke, da fin mai makulli wanda kake zarewa da hannu. Ka duba notin ya samu zare isasshe bayan an sa falalen, in ya kama da baki-baki kawai, a canza ƙarfen tsakiya da mai tsawo.

Tsakanin falalen nan da hannun tirela dole a samu gaɓa mai motsi uku: hagu da dama don kwana, sama da ƙasa don rami da tudu, sannan murɗawa, don keke ya iya kwanciya tirela tana tsaye. Na ukun ne ake mantawa, shi ne kuma mafi muhimmanci. Ranar da yashi ya kayar da kai, kuma zai kayar da kai, in gaɓar ba ta murɗawa kare ma ya kife tare da kai. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne guntun tiyon haidirolik na manyan motoci, mai waya a cikinsa, tsawon kamar santimita 12. A cusa baki ɗaya cikin fayif ɗin hannun a huda a ɗaure da ƙusa mai noti, ɗaya bakin a sa masa ƙarfe mai huda. Yana lanƙwasa ta kowane ɓangare, ba ya ƙara, kuma yana shanye fizgar tashi da tsayawa. Ana kuma yi da ƙwallon sitiyarin ƙaramar mota daga wajen ƴan gwangwan, yana da ƙarfi, sai dai kwanciyarsa ba ta kai ta tiyo ba. Ko wanne aka sa, a ƙara igiyar tsaro mai ƙarfi daga hannun tirela ta zagaye firam ɗin keke, ko fin ya zare tirela ba za ta tafi ita kaɗai cikin motoci ba.

Hannun kansa ba miƙaƙƙe ake yi ba. Yana fitowa daga gefen hagu na tirela, ya buɗe waje, sannan ya lanƙwaso zuwa tsakiyar tayar keke. In lanƙwasar ta yi kaɗan, duk kwanar dama da ka sha tayar baya za ta gogi hannun.

Tayoyin tirela kuma su zauna ɗan baya kaɗan da tsakiyar daɓe, yadda in kare yana ciki ka ɗaga bakin hannun za ka ji nauyin kilo 3 zuwa 8 yana danna ƙasa. In hannun yana neman tashi sama da kansa, tayoyin sun yi gaba da yawa, kare na matsawa baya zai ɗage maka tayar keke.

Ka duba birkinka kafin komai. Birkin sanda na tsofaffin kekunanmu a kan rim na ƙarfe ba shi da kamu sosai, in ya jiƙe da damina ma sai addu'a. Garin nan kuma a kan tudu yake, duk mai gangarawa wajen gulbi ya san haka. Sabbin robobin birki gaba da baya, a ɗaure sandunan. Su Burley da kansu suna cewa kada a wuce kilomita 24 a awa a miƙaƙƙiyar hanya mai kyau, a kwana da gargada kuma kilomita 8. A kwaltar da ta fita kudu, inda manyan motoci ke wucewa, direba yana hango kanka amma ba ya ganin abin da ke binka a ƙasa. Ka kafa doguwar sanda mai jan ƙyalle a kusurwar hagu ta baya, ka manna abin ƙyalli ja, in kana kai magariba a hanya ka sa ƴar fitila.

A ciki kada ka ɗaure shi da igiyar wuya. Ka ɗinka masa ɗamarar ƙirji wajen masu ɗinkin takalma, a ɗaure ta da gajeriyar igiya a zoben da ke daɓe, tsawon da zai iya zama da kwanciya da juyawa, amma ba zai kai ga fita ba. Kare in ya hango zomo ko wani karen ya yi tsalle da igiya a wuya keke na tafiya, rataye kansa zai yi.

Sabo kuma a hankali ake yi. Ka ajiye tirelar a tsakar gida a inuwa, ka tokare tayoyin da dutse don kada ta motsa, ƙofa a buɗe, ka riƙa sa masa abincinsa a ciki har ya fara shiga da kansa ya kwanta. Daga nan ka rufe ka ja da hannu cikin gida, sannan a bayan keke kana turawa a ƙasa, sannan ka hau ka zaga unguwa da sassafe. Wanda aka cusa da ƙarfi ranar farko ya tsorata, zai daɗe bai yarda da ita ba. Kada ka cika masa ciki dab da tafiya, zai yi amai.

Ban ce ka hana shi tafiya da ƙafa gaba ɗaya ba, tsoho ma yana bukatar motsi. Ka raba hanyar. Kwalta da cikin gari yana tirela, in kun sauka hanyar yashi da safe ka sake shi ya taka. Hakan ya yi muku daidai ku biyu, don a rairayi mai zurfi ba za ka iya jan kilo 37 ba ko da kana so. Kafin ka sauke shi ka ɗora bayan hannunka a ƙasa, in ba ka iya barinsa na daƙiƙa 7 ba, tafinsa ma ba zai iya ba. In kun isa ka kama ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ka buɗe tsakanin yatsu. Bayan damina ƙarangiya tana maƙalewa a can cikin gashin, ta dunƙule, yana takawa tana ƙara shiga, kuma sau da yawa ɗingishin da ake ɗora wa tsufa daga nan yake. In ka duba babu ƙaya babu tsaguwa amma ɗingishin na nan, ka kai shi wajen likitan dabbobi ya taɓa gaɓoɓin. Kana can ka sa a yi masa allurar haukan kare in lokacinta ya yi, tunda yanzu zai riƙa ratsa gari da ƙauyuka, karnukan hanya kuma za su riƙa biyo ku.

Ruwa kullum a tare da kai, da ƴar tasarsa. Da bazara ka fita kafin rana ta ɗaga, ka dawo bayan la'asar sakaliya. In ka waiwaya ka ga harshe ya zazzago ya yi faɗi, dasashi ya yi ja wur, yawu ya yi kauri yana zarara, ko ya sauka yana tangaɗi, tsaya nan take. Inuwa, ka kwarara masa ruwa a ciki da hammata da tsakanin cinyoyi, ka yi masa fifita, ka ba shi ya sha kaɗan-kaɗan, sannan ka nemi likita ko da ka ga ya farfaɗo.

Dariya kam za a yi maka, yara za su bi ka suna ga kare a mota. Wannan na ƴan kwanaki ne. Karen gadin gona da na kiwo da na farauta malamanmu ba su hana ba, wanda ya yi maka gadi shekara da shekaru kuwa bai ci a bar shi yana jan ƙafa a kwalta ba. Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne wani daban. Na san ranar da ka ga tirela a garka, zuciya za ta ce ka loda mata zogale da tumatir. In masu saye suka gane a inda kare ke kwana kayan miyan suka zo, ka rasa ciniki. In kana son ta yi aiki biyu, a yi akwatin karen mai cirewa da noti huɗu, a yi wani daɓen dabam na kaya. Cirewar ma tana taimaka wa wanki, don kaska tana ɓuya a tsagar katako da lungun firam.

Ranar karɓar aiki kada ka tafi da kare, kada kuma ka cika kuɗi tukuna. Ka sa rabin buhun siminti a ciki, kilo 25 ke nan. Ka ɗaga bakin hannun ka ji nauyinsa. Ka ɗaura, ka kwantar da keken ƙasa ta hagu, ka tayar ka kwantar ta dama, tayoyin tirela biyu su tsaya a ƙasa ba tare da ɗaya ta ɗaga ba. Ka hau ka sha kwanar dama matsattsiya ka saurara ko taya na gogar hannu, ka bi ta kan rami da taya ɗaya, ka taka birki da ƙarfi. Sannan ka sa hannu ka shafa cikin akwatin lungu-lungu, duk inda bakin raga ko tsinin walda ya kama maka fata, a goge shi a gabanka kafin ka biya.